Ranar da Na Kira Sunansa a Ingila

Lokacin bazara ne, shinkafar rani ta fara fitar da kai, zafi kuwa ko kaza ba ta son tsakar gida. Shekara ce mai nauyi. Tsutsa ta gama da tumatir tun bai isa kasuwa ba, ruwan kanal ya ja baya har maƙwabta na daina gaisawa a kan wa zai fara ban-ruwa, sannan tsuntsayen jan-baki suka sauka kamar an aiko su. Duk wanda ka tarar a ƙauyenmu muryarsa a dishe take saboda korar tsuntsu. A cikin wannan hali aka kira ni Ingila.

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Matan da muke turara shinkafa tare, da waɗanda muka yi ajin yaƙi da jahilci a Bunkure, kowacce sai ta ce, "Yaya Hansatu, wai yaya can ɗin take?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma in labarin ya zaga ya dawo mini sai in tarar an ƙara masa gishiri. To ga shi na rubuta, tunda Allah ya sa na iya, kowa ta karanta ta bar ni in ji da tukunyata.

Ɗan farina ne ya kai ni. Kun san ba zan rubuta sunansa ba sai inda ya zama dole. Shi ne wanda ya samu tallafin karatu ya tafi can, wai a koya masa yadda ake shayar da gona, yaron da ya tashi da ƙafa cikin kanal, a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Wata rana abokinsa ya buga wa ƙanin mahaifinsa, Baffa Sule, waya, tunda mahaifin ya rasu. Ya ce yaron yana asibitin ƙwaƙwalwa, an riƙe shi, kuma ba za a sake shi ba sai wani nasa ya zo, likitoci sun gamsu zai iya kula da shi. In ba su gamsu ba, zai ci gaba da zama a can har sai abin da hali ya yi.

Kafin la'asar gidana ya cika da likitoci. Baffa Sule ya ce sammu ne, tun ranar walimar tafiyar ya ga idon wasu. Wata ta ce karatu ne ya yi masa yawa, kan mutum ai ba buhu ba ne. Wani ya ce naman alade aka ba shi. Maƙwabciyata Maman Joy, 'yar Filato mai sayar da kayan miya, ita kaɗai ba ta faɗi sunan cutar ba. Ta ce, "Maman Rabi, ƙanwata Ladi tana garin nan tana aikin kula da tsofaffi. In kin je, gidanta za ki sauka."

Neman biza ya kai ni Abuja. A can aka ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi, na'ura ta ƙi karanta su. Yarinyar ta goge gilashin, ta goge hannuna, ta sake gwadawa.

"Mama, me kike yi da hannun nan?"

"Shinkafa."

"Ai ta cinye miki zanen."

Sai da aka shafa mini mai aka danna kamar ana matse ƙuli kafin na'urar ta yarda ni mutum ce.

Ranar tafiya muka bi ta Kura muka hau titin Kano, Baffa Sule yana gaba rungume da jarkar rubutu da ya sa aka yi wa yaron. A filin jirgi aka ce ruwa ba ya wucewa, ko in sha ko in zubar. Rubutu kuwa ba a zubar da shi. Na tsaya gaban ma'aikata na sha iya abin da cikina zai ɗauka, na miƙa wa Baffa sauran. Saboda haka abin da na fi sani a jirgin sama shi ne ban-ɗakinsa, wani ɗan akurki mai tsotse abu da ƙara kamar zai haɗa da mutum. Idan da sammu a gidanmu, ni dai na warke tun muna sama. Abincin jirgi kuma ba zan ɓata shi ba, an ba ni, na gode. Burodin dai da an jefi jan-baki da shi da ya yi amfani.

Da muka sauka aka kai ni gaban wani Bature a cikin akwatin gilashi. Ya ga ba na jin Turanci, ya kira tafinta ta waya, wani mai Hausar Gana.

"Hajiya, ya ce wa kika zo gani?"

"Ɗana."

"Ya ce mene ne sunansa?"

Tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran yayanmu ba. Baturen ya ɗago ya dube ni. Tafinta ya ce, "Hajiya, nan ba gida ba ne, ki faɗa kawai." Na yi alama a ba ni biro, na rubuta sunan da manyan baƙaƙe yadda malamarmu ta koya mana. Baturen ya daɗe yana kallon takardar yana kallona, irin kallon da za ka yi wa matar da ta ƙetare teku wajen ɗan da ba ta iya faɗin sunansa ba. Tafinta ya yi ta bayani har aka buga mini hatimi. A gaba aka buɗe jakata aka ɗauke kilishi. Da mai binciken ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya ja da baya. Ita ma ta tafi. Kuka kaɗai ta tsira, ina jin sun ɗauka shayi ne.

Ladi tana jirana a waje da rigar sanyi a hannu. Mace ce gajera mai saurin magana, Hausarta ta Jos ba ta canja ba. Ta sa mini rigar a kan hijabi, ta ce, "Mama, wai yanzu ma zafi suke yi."

Gidanta ɗaki biyu ne a saman na wasu, a ƙarƙashin na wasu. Abin da ya fara damuna shiru. Ba kukan akuya, ba injin casa, ba mai sallama. Washegari na ce bari in gaida maƙwabta, kar a ce baƙuwa ta zo ba ta da tarbiyya. Ladi ta riƙe mini hannu. Ta ce shekarunta a gidan ba ta san sunan na kusa da ita ba, in na ƙwanƙwasa ƙofa za a ɗauka gobara ce. Tsofaffin da take kula da su kuwa, 'ya'yansu suna nan da rai, suna aiko musu da kati mai hoton fure.

A hanyar asibiti na ga abin da ya ɗaure mini kai. Mutane suna tafiya su kaɗai suna magana, wani yana dariya, wata tana faɗa tana nuna iska da yatsa. Na ce, "Ladi, duk waɗannan asibitin za su?" Ta ce a'a, waya suke yi, abin yana cikin kunnensu. Na ga wani dattijo yana ba karensa haƙuri. Na ce to, a garin da kowa ke magana shi kaɗai, yaya aka yi aka tsinci nawa?

Ladi ta ba ni labarin yadda abokinsa ya ba ta. Wata rana yaron yana zaune a filin shaƙatawa, muryoyin da yake ji suka dame shi, ga tattabaru sun sauka cike da ciyawa. Sai ya miƙe yana tafa hannu yana kora da ƙarfi, yadda ake yi a gonar shinkafa, yana kuma mayar wa muryoyin magana. Wata tsohuwa ta buga waya. 'Yan sanda suka zo mota-mota, suka danne shi a ƙasa.

"Da farar fata ne," in ji Ladi, "mutum ɗaya za a turo ya tambaye shi ko yana son shayi. Nan Bature in ya ɗaga murya an ce ya gaji. Mu in mun ɗaga, an ce a kawo mota."

Na tuna a gida har yabonsa ake yi. Ana cewa duk Bunkure ba mai korar tsuntsu kamarsa, ko babu tsuntsun yana kora.

A titi sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga baƙin mutum. Da aka buɗe mana ƙofar ɗakin marasa lafiya kuwa, sai na ɗauka tashar Kura aka kawo ni ranar kasuwa. Samari baƙaƙe ne zaune ko'ina, wasu 'yan Afirka, wasu a can aka haife su. Can na hango nawa. Ya yi ƙiba irin ta magani, hannunsa yana ɗan rawa. Ya taso ya durƙusa.

"Inna, kin zo lafiya?"

Na kau da kai wajen taga. "Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ya su Rabi? An samu ruwa bana?"

"Ana dai samu."

Na zauna a kujerar da ke nesa da tasa. Zuciyata kamar ta faɗo ƙasa, amma ai ba a gaban mutane ba. A gefe akwai wata Baturiya mai jan gashi, Karol, wadda aikinta shi ne duba dangin marasa lafiya ta ga ko sun isa a ba su. Tana ta yi mana murmushi, murmushin yana raguwa.

Kwanakin da suka biyo baya kullum ina zuwa da tuwon semo da miyar kuka marar daddawa. A hankali ya fara ba ni labari, yana kallon ƙasa ina kallon bango.

"Tun ina sakandare nake jin su, Inna. Amma na gida ba su da yawa. Daga wajen kanal suke magana, kuma sai sun yi sallama. Wani lokacin ma tambaya suke ko an sa taki."

"Na nan fa?"

"Na nan ba sa sallama. Turanci suke yi. Ta bututun ɗumama ɗaki suke fitowa, ba sa hutawa. Suna cewa kowa yana kallona, in koma inda na fito."

Na ce, "Wannan ai ba sai muryoyi ba. Ladi ta ce ita a bas ake gaya mata."

Ya yi 'yar dariya, ta farko da na ji.

Babban likitan dattijo ne, iyayensa 'yan Indiya. Ya zaunar da ni, Ladi tana fassara. Ya faɗi sunan cutar, sikizofiriniya, har yau harshena bai gama iya shi ba. Ya ce ba sammu ba ce, ba yawan karatu ba ce, cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma akwai ta a ƙauye da birni, a fari da baƙi. Na ce to me ya sa ɗakinsa ya cika da namu? Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce su ma suna tambayar kansu. Wani ɓangaren birni ne, kaɗaici da hayaniya da zama baƙo inda kullum ido yana kanka, duk suna hura wutar cutar. Wani ɓangaren kuma su ma'aikatan ne. Ya ce baƙin saurayi in ya tsorata, sau da yawa faɗa suke gani a fuskarsa, kuma ba ya isowa wurinsu sai a motar 'yan sanda.

Sai ya karanto mini alamomin da ma'aikata suka gani. Ba ya kallon mutum a ido. In babba ya shigo sai ya zube ƙasa. Ya ƙi karɓar magani daga wata ma'aikaciya har sai da ta sauya hannu.

Na ce, "Ladi, gaya masa waɗannan ukun ni na koya masa. In cuta ce, a wurina ya ɗauka."

Likitan ya yi dariya ya ja layi a kansu. Sannan ya ci gaba. Yana jin ana magana a bututu. Ya yarda maƙwabtansa suna karanta tunaninsa. Ya yi kwanaki bai ci ba don ya ce an sa wa abincin wani abu. Ya ɗago ya ce, "Waɗannan fa?"

Na ce, "Waɗannan ba ni ba ce."

Ya tambaye ni ko ba mu taɓa lura da komai a gida ba. Na ce a gonar shinkafa kowa ihu yake yi shi kaɗai daga safe har yamma, wa zai gane wanda ake amsa masa? Ya ce ashe a wurinmu mai cutar yana iya shekaru ba a gan shi ba. Na ce a wurinku kuma rana ɗaya ake ganinsa, sai dai a gan shi da gwiwa a wuya. Bai musa ba.

Aka sa ranar zaman da za a yanke ko a ba ni shi. Ana saura kwanaki kaɗan Karol ta kira mu ofishinta. Ta ba ni shayi da biskit, ta yi magana mai tsawo a hankali, hannunta a ƙirji. Na ga fuskar Ladi ta canja.

"Mama, ta ce ba ta ga shaƙuwa tsakaninku ba. Ba ki rungume shi ba, ba ki kalli fuskarsa ba, ba ta taɓa jin kin kira sunansa ba. Ta ce ba za ta iya cewa a ba da marar lafiya ga wadda take nesa-nesa da shi ba."

Ladi ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Karol ta ce al'ada ce mai ban sha'awa ƙwarai, tana girmama ta, amma marar lafiya yana buƙatar ɗumi. Can duk abin da aka ce ana girmamawa, to a shirya ajiye shi a bakin ƙofa tare da daddawa.

Ban ji haushinta ba. Yarinya ce mai kirki, aikinta take yi, kuma yaron take so wa alheri. Na ce wa Ladi in abin da zai fitar da shi ke nan, zan yi. A gida ta ɗauko matashin kai ta tsayar a kujera.

"Mama, ki ɗauka shi ne. Buɗe hannu. A'a, ba kamar za ki ɗauki buhu ba. Yanzu faɗi sunan."

"Ladi, matashin ma kunyarsa nake ji."

"To ki rufe ido."

Muka yi ta yi har ta ce na ci jarrabawa.

Washegari muka shiga, Karol tana biye da mu. Ya taso zai durƙusa kamar kullum. Na tare shi, na dubi tsakiyar idonsa, na buɗe hannuwa, na ce, "Auwalu. Auwalu, ɗana."

Ban taɓa ganin tsoro irin wanda na gani a fuskar nan ba. Ya ja da baya har ya ture kujera, ya laɓe a bayanta. Ya yi magana da Turanci da sauri, sannan ya juya Hausa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba ita ba ce. Sun ɗauke ta sun kawo wata. Ku fitar da ita."

Ma'aikata suka taho, aka riƙe shi, aka fitar da ni. Aka ɗage zaman. Aka ƙara masa magani. Ya ce kada a sake barin matar nan ta shigo.

Ban san me na yi ba, ban san me zan gyara ba. Kullum dai ina zuwa in zauna a kujerar baranda, inda ake hango ɗakin cin abincinsu ta ƙofa, in miƙa kwanon tuwo a kai masa, a dawo mini da shi yadda yake. Karol takan wuce ta gaishe ni da ido ja. Bizata tana tafiya. Baffa Sule yana bugo waya yana cewa ai ya faɗa, da an bar jarkar nan ta wuce da tuni an gama.

Ranar da abin ya warware ban shirya komai ba. An buɗe ƙofa ana shigar da keken abinci, na hango shi zaune, an ajiye masa shinkafa, ya ture ta gefe har ta zube a tebur. Shinkafa fara, doguwa, an bar ta tana bushewa. Ni da na san abin da ake sha kafin ƙwaya ɗaya ta isa faranti, sai raina ya ɓaci, na manta da Ingila. Na juya fuskata wajen bango na ce, yadda nake yi a tsakar gida:

"Wasu dai an girma ba a san wahalar abinci ba. Kai wannan, tattara shinkafar nan ka cinye, kar in sake magana."

Na ji ƙarar kujera. Ban waiwaya ba. Na ji takunsa har bakin ƙofa, na ji ya durƙusa.

"Inna?"

"Da wa ce?"

Ya ce, "Suna yin muryarki, Inna. Tun da na zo ƙasar nan suke yi, sak ke. Amma in sun yi sai su kira sunana. Da haka nake gane ba ke ba ce."

Na ce, "To ka ji. Je ka ci abincinka."

Ya koma ya tattara ta da hannu ya cinye, ni kuma na ci gaba da kallon bangon nan, don a lokacin ba zan iya kallon komai ba.

Da Ladi ta fassara wa likita, ya ce yaron ya yi wa kansa ma'auni mai kyau, kada wanda ya sake taɓa masa shi. Karol kuwa kuka ta fashe da shi, tana ba ni haƙuri. Na ga yarinya tana kuka a gabana ba uwarta kusa, ga shi na riga na koyi runguma, kar koyon ya tafi a banza. Ita na runguma. Ladi ta ce wannan karon ban yi kamar buhu ba.

A zaman, Karol ce ta fi kowa yi mini magana. Likita ya ja mini kunne. Ya ce gona ba magani ba ce, iskar ƙauye ba ta kashe muryoyi, sai dai ta rage musu abin faɗa. Ƙwaya kullum, ganin likita a Kano a kan lokaci, kuma ko ya ce ya warke kada a daina. Ya ce karatun yana nan, in jiki ya yi ƙarfi a sake magana. Na ce na ji. Ya tambaya ko a garinmu za a tsangwame shi. Na ce za a yi, amma da sallama.

Muka dawo ana gab da yankan shinkafa, jan-baki sun ƙara yawa. Gida ya cika. Baffa Sule ya dubi yaron sama da ƙasa ya ce rubutun ne, tunda uwa ta sha ai dole ya isa ga ɗa. Ban yi gardama ba. Amma da ya fara zancen wani mai magani a bayan Madobi da ke ɗaure irinsu da mari har iskar ta fita, na ce, "Baffan yara, an danne shi sau ɗaya a ƙasar wasu. Ba za a danne shi a tasa ba." Ya dube ni, don bai saba jin na ƙi abu ba, ya ce dama shawara ce. Mata suna leƙowa su ga mahaukacin Ingila, suka tarar da mutum zaune yana tambayar farashin taki, suka koma ba daɗi. Wadda ta ce karatu ne ya yi masa yawa ta ce ai ga shi nan, da aka rage karatun ya samu sauƙi. Maman Joy ta kawo masa gwate, ta karɓi saƙon Ladi, ba ta tambayi komai ba.

Har yanzu yana jin su wani lokaci. Ya ce na Turancin sun ragu, na kanal ɗin sun dawo, suna yi masa sannu da zuwa.

Washegarin dawowarmu na tashi na dama koko, na ɓallo ƙwaya ɗaya daga cikin takardarta na ɗora a murfin kwano. Na ɗauko igiyar korar tsuntsu mai gwangwanaye da ke rataye a zaure tun tafiyarsa, na kakkaɓe ta. Na je ƙofar ɗakinsa na ajiye su, na juya baya ina kallon rumbu.

"Kai wannan, tsuntsu sun riga ka gona."

Daga ciki ya ce, "Na'am, Inna."